Inshorar Lafiya Ta Tilas: Mata Ɗaya Da 'Ya'ya Huɗu, Sauran Gidan Fa?

 

'Yan'uwa Musulmi, maganarmu ta wannan mako a kan inshorar lafiya ce, wadda Gwamnatin Tarayya ta mai da ita tilas. Ran 19 ga watan Mayu, 2022, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar da ta kafa hukumar NHIA. Ita ce ta maye gurbin NHIS, wadda aka yi wa doka a 1999, aka fara aiki da ita a 2005. Tsohuwar doka ba ta tilasta wa kowa ba, saboda haka galibin waɗanda suka ci moriyarta ma'aikatan Gwamnatin Tarayya ne. Sabuwar kuwa cewa ta yi kowane ɗan ƙasa sai ya shiga, ta kuma tanadi wani asusu domin marasa ƙarfi, waɗanda aka ce a lokacin sun kai mutum miliyan 83.

Ba wanda zai ƙi niyyar. Fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa wajen neman lafiya a ƙasar nan daga aljihun majiyyaci da danginsa yake fita, kuma kowa ya san gidan da aka sayar da gona ko aka karya jari saboda jinyar mutum ɗaya. Amma wanda ya tilasta maka sayen kaya ya ɗauki nauyin da mai talla bai ɗauka ba. Mai talla kana iya wuce shi. Wanda ya ce dole ka saya, lalle ne ya faɗa maka abin da ke cikin buhun, ya kuma miƙo maka shi cikakke ranar da ka zo karɓa.

Bari mu fara waiwayar abin da malamai suka ce, domin a nan ma'aunin yake. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa ta zauna a Makka a 1978, ita kuma Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a 1985, dukansu suka tafi a kan cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta ba, amma ta taimakekeniya ta halatta. Shaihu Musɗafa Zarƙa, malamin Sham, ya saɓa musu, ya halatta duka biyun, sai dai rinjaye bai bi shi ba. Babban dalilin hanin shi ne garar, watau ruɗu a cikin ciniki: ka ba da kuɗi sananne domin abin da ba ka san yawansa ba, ba ka ma san ko za ka same shi ba. Ita taimakekeniya an yi mata rangwame ne domin kuɗin da aka zuba kyauta ce tsakanin 'yan'uwa, ba wanda ke neman riba a kan wani. Hujjarsu a nan har da labarin Ash'ariyyawa da Buhari da Muslim suka ruwaito, mutanen da idan guzuri ya yi ƙaranci sukan tara abin da ya rage a tufa ɗaya su raba daidai, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yabe su har ya jingina kansa gare su. A kan wannan tushe ne aka kafa kamfanin inshorar Musulunci na farko a Sudan a 1979. Shi ya sa kuma jihohinmu irin su Kano da Katsina da Sakkwato, da suka zo kafa nasu hukumomin, suka kira su na taimakekeniya, don hankalin jama'a ya kwanta.

To, madalla da suna. Amma Ash'ariyyawa ba wanda aka bari a bayan ƙofa sa'ad da ake rabo, ba kuma wanda ya zuba nasa ya dawo aka ce masa tufar babu kome. Da wannan mudu za mu auna tsarin namu.

Abu na fari, kuma wanda ya fi taɓa mu, shi ne yadda aka fassara iyali. A tsarin ma'aikatan tarayya, katin yana ɗaukar ma'aikaci, da matarsa ɗaya, da 'ya'yan cikinsa huɗu waɗanda ba su kai shekara 18 ba. Ko da wane gida aka yi wannan awo, ba gidan Kano ko Gusau ko Azare ba ne. Magidanci mai mata biyu da 'ya'ya tara, ga tsohuwarsa a ɗaki, ga marayun ƙanensa biyu yana riƙo, sai a miƙa masa takarda mai gurbi biyar a ce ya cike. Wace zai rubuta, uwargida ko amarya? 'Ya'yan wane ɗaki? Wanda bai zauna a irin wannan gida ba zai ɗauka ƙaramar magana ce. Allah Ya sharɗanta adalci tsakanin mata a Suratun Nisa'i, hadisi kuma ya yi gargaɗi mai tsanani ga wanda ya karkata ga ɗaya. Game da 'ya'ya, ga ƙissar Nu'umanu ɗan Bashir, wanda mahaifinsa ya yi masa kyauta shi kaɗai ya nemi Annabi ya yi shaida, Annabi ya ƙi, ya umurce shi da daidaita 'ya'yansa. Yau ga takardar hukuma tana neman uba ya ware huɗu daga cikin tara, kuma ranar da ɗan wannan ɗaki ya shiga asibiti da kati, ɗan wancan ɗakin aka ce a kawo kuɗi, wutar da za ta tashi a gidan ba ta buƙatar ashana.

Za a ce ai an yarda ka ƙara sauran, ka biya musu. Gaskiya ne. Amma ma'anar wannan ita ce mai gida babba, wanda ya fi kowa buƙatar rufin asiri, shi ne zai fi kowa biya daga albashin da bai kai shi ƙarshen wata ba. Wani almajiri kuma zai ce ai malaman dauri na Malikiyya ba su lissafa kuɗin magani cikin nafaƙar da ta wajaba ga miji ba. Haka ne, ko da yake sun ɗora masa ladan ungozoma, kuma malamai da yawa na wannan zamani sun ga cewa magani ya zama kamar ci da sha. Ko ma dai yaya ne, ba mutumin kirkin da zai buɗe littafi yana neman mafita alhali matarsa na kwance. Sa'an nan iyakar shekara 18 ɗin nan ita ma baƙuwa ce gare mu. A Malikiyya ciyar da ɗiya yana kan uba har ta tare a gidan miji, iyaye matalauta kuma nauyinsu yana kan ɗa mai hali. Tsoho da tsohuwa su ne masu hawan jini da ciwon sukari, su ne kuwa takardar ba ta san da su ba sai an biya dabam. Shi kansa ma'aikacin, kamar yadda abin ya gudana shekara da shekaru, ranar da ya yi ritaya ran nan katin ke mutuwa, watau ana karɓe laima daidai faɗuwar damina.

Abu na biyu shi ne hanyar da kuɗin ke bi. A tsarin da aka daɗe ana bi, hukuma ba ta biyan asibiti kai tsaye. Akwai kamfanonin da ake kira HMO a tsakani, dillalai ke nan, su ke karɓa su miƙa wa asibitin da ka zaɓa wani abu a kan kowane kai duk wata, ko ka je ko ba ka je ba. Wannan kuɗin kai ya tsaya a kan Naira 750 a wata fiye da shekara goma, sai a 2024 aka fara ɗaga shi, aka sake ɗagawa a 2025. Mai karatu ya tuna abin da ya sami Naira a 2023 da yadda magani ya yi tashin gwauron zabo, ya kuma tambayi kansa yaya mai asibiti zai yi da Naira 750. Abin da ya yi shi ne abin da duk wanda aka ba jari kaɗan zai yi. Ya ce maganin ya ƙare, ka je kemis ka saya. A ƙa'ida kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani kaɗai za ka biya, amma maganin da babu shi a kan kanta, kashi 100 kake biya a waje. Ga kuma bashin da asibitoci suka riƙa kukan suna bin dillalan nan, har Majalisar Wakilai ta yi zaman bincike a kai a 2017.

Idan ciwon ya fi ƙarfin asibitin farko, sai an nemi lambar izini daga kamfani kafin babban asibiti ya taɓa ka. Majiyyaci na nishi a benci, ma'aikaci na buga waya. Hukuma ta ba da umurni a 2025 cewa kada ba da izinin nan ya wuce sa'a ɗaya, kuma umurni ne mai kyau, sai dai yin sa ma shaida ce ta abin da mutane suka daɗe suna sha.

Akwai kuma abin da ba a faɗa maka ranar rajista. Ƙa'idojin da hukumar ta buga a 2012 sun iyakance kwanciya a asibiti ga kwana 21 a shekara, wankin ƙoda sau 6, hoton manyan na'urori irin MRI kuwa rabi da rabi. Ba laifi ba ne asusu ya yi iyaka, kowane adashi yana da nasa zubi da kwasa. Laifin shi ne mutum ya san iyakar a bakin gadon majiyyacinsa. Ciwon da ke karya gida shi ne mai tsawo mai tsada, shi ne kuwa aka fi taƙaitawa, aka bar maka zazzaɓi da tari waɗanda da ma kana iya ji da su. Wannan shi ne garar ɗin da malamai suka guje mana, ya sake shigowa ta taga da rigar taimakekeniya.

Ku kuma 'yan kasuwa, halinku ya fi na ma'aikata wuya, domin ba ubangidan da zai zuba muku kome. An buɗe muku wani shiri mai suna GIFSHIP a 2020, a lokacin Naira 15,000 ne kan mutum ɗaya a shekara, an kuwa daɗa farashin tun daga nan. Alhaji mai mutum 15 a gida, ban da yaran shago, ya yi lissafi da kansa. Kuɗin shekara ake nema a dunƙule daga mutumin da cinikinsa na yini ne, bayan ya biya kuma sai ya jira wani lokaci kafin katin ya fara aiki. Katin ɗaure yake da asibiti guda, alhali ɗan kasuwa yau yana Kwari, jibi yana Legas ko Anaca, kuma in ba larurar gaggawa ba ce sai ya komo gida. Ba abin mamaki ba ne da ƙidayar hukuma ta ƙarshen 2024 ta tsaya wajen mutum miliyan 19, a ƙasar da ta haura miliyan 200. Doka ta ce dole, jama'a sun yi kunnen uwar shegu, kuma ba duka ne don jahilci ba. Bahaushe ya san ciniki.

Ita gwamnati tana da nata bashin. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafi domin lafiya, Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa kusantar wannan ba. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin lafiya matakin farko, amma sai a 2018 aka fara sa shi cikin kasafi. Suratul Ma'ida ta buɗe ne da umurnin cika alkawari, aya ta biyu kuma ta zo da umurnin taimakon juna a kan alheri. Ba a raba su ba, kuma mai mulki bai fita daga cikin waɗanda aka yi wa magana ba.

Duk da haka ba mu ce kowa ya yar da katinsa ba. Matar da aka yi wa aikin haihuwa da kati ba a sayar da akuya ba ta san amfaninsa. Wanda zai shiga ya nemi a ba shi jerin abin da aka ɗauka da wanda aka cire a rubuce, kafin ya biya. Wanda aka ce masa babu magani ya riƙe rasit, ya kai ƙara ofishin hukumar na jiharsa, domin haƙƙi yake nema ba sadaka ba. Shi kuma kada ya ci amanar asusun: ba da aron kati ga maƙwabci, ko rubuta ɗan wani a matsayin na cikinka, cin dukiyar jama'a ne ko da tausayi ya kawo shi. Mai mata fiye da ɗaya, in ba zai iya rubuta su duka ba, ya ware daidai abin da wadda ke cikin kati ke samu ya ajiye wa sauran, ya kuma sanar da su tun kafin ciwo ya zo.

Ƙungiyoyin kasuwa su ne suka fi kowa iko a wannan sha'ani in sun gane. Ƙungiya mai mutum dubu in ta je da murya ɗaya tana iya neman a karɓi zubi wata-wata, ta zaɓi asibiti kusa da kasuwa, ta sa wakilinta ya riƙa duba littafi, ta kuma janye mutanenta daga asibitin da ya saba cewa babu. Hukumar kula da inshora ta ƙasa ta fitar da ƙa'idojin takaful tun 2013, saboda haka hanyar kafa asusun da rarar kuɗinsa ke komawa ga masu zubi a buɗe take. Hukumomin zakka da waƙafi na jihohi su ma suna iya biya wa marayu da tsofaffi kuɗin shekara, maimakon jiran a zo musu da takardar asibiti bayan ciwo ya ci ƙarfi. Wakilanmu na Majalisa da shugabannin ƙungiyoyin ƙwadago kuwa, abin da muke nema gare su takamaimai ne: a gyara gurbin nan biyar, a lissafa zubi bisa albashi, a ɗauki dukan matan aure da 'ya'ya da iyayen da ke ƙarƙashin mutum, kada kuma katin ya mutu ranar ritaya.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba ko ya halatta a biya wa matalauci kuɗin inshora daga dukiyar zakka, da abin da malamai suka ce game da sharaɗin mallakawa.