Ba Taurin Kan Talaka Ne Ya Ci Mokwa Ba

Ana cikin tono gawarwaki daga laka a Tiffin Maza da Unguwar Hausawa da ke garin Mokwa, bayan ambaliyar 29 ga Mayu, 2025, sai Ministan Albarkatun Ruwa ya fito da bayani: madatsun Kainji da Jebba lafiyarsu ƙalau, ruwan sama ne ya yi yawa, kuma gine-ginen da aka yi barkatai sun toshe hanyar wani rafi. Tun daga ranar 'yan boko suka samu abin riƙewa. A rediyo, a Facebook, a majalisar shayi, magana ɗaya ce: mutanenmu ba sa jin magana, su ke gini a kan magudanar ruwa. Sama da mutum 150 sun rasu, cikinsu har da almajirai, amma wai laifin nasu ne. Wannan magana zalunci ce, kuma ba zan yi shiru a kanta ba.

Wa ya sayar da filin? Talaka ba ya tashi da tsakar dare ya kafa gida. Akwai dillali da ya nuna masa fuloti, akwai mai unguwa da ya sa hannu a takardar ciniki ya karɓi la'adarsa, akwai ma'aikaci da ya zo da igiyar awo ya kafa turaku. Tun daga haƙa tushe har zuwa ɗora kwano, watanni ake yi ana gini da rana tsaka, a bakin hanyar da manyan motoci ke bi zuwa Ilori da Legas. Ba wanda ya gani? Duk ranar kasuwa masu yankar rasit suna gani sarai, ko mai tallar gyaɗa ba ta kuɓuce musu. Sai an zo batun kwalbati da lambatu ne ido ke rufewa.

Mazauna garin sun faɗa cewa ruwa ya daɗe yana taruwa a bayan tudun layin dogo kafin ya ɓalle. Da akwai wurin da tsohon da ya shekara sittin a unguwar zai kai wannan magana a saurare shi, da an duba. Dokar tsara birane ta 1992 ta tanadi hukumar tsara gari a matakin ƙaramar hukuma, ta kuma ce a kafe daftarin taswira jama'a su gani su kawo ƙorafi. Mai karatu, a garinku an taɓa kafe taswira a ƙofar sakatariya? An taɓa sa sanƙira ya zaga ya ce a fito a duba inda za a yanka filaye? Abin da muka sani shi ne jan fenti a bango da katafila da asuba.

Za a ce talaka bai san taswira ba. Wannan raini ne kawai. Manomin da ya san inda ruwa ke kwanciya a gonarsa tun yana yaro ba ya buƙatar digiri kafin ya nuna maka kwari.

Ciwon ya daɗe. Dokar filaye ta 1978 ta tattara ƙasar jiha ta damƙa a hannun gwamna, shi ke ayyana inda ya zama birni, shi ke sa hannu a takardar mallaka. Aka bar ƙaramar hukuma da filayen karkara, sannan aka shaƙe ta da asusun haɗin gwiwa da kantomomin riƙo. Shugaban da gwamna ya ɗora, wa zai ji wa tsoro, mutanen Tiffin Maza ko wanda ya ɗora shi? Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, amma gwamnoni suka yi ta jan ƙafa, kuma waɗanda ke zagin talaka yau ba su ce uffan ba.

Kafin a sake rusa gidan kowa a Mokwa, a fito da takardun filayen nan a karanta sunayen waɗanda suka sa hannu. A kira taron gari, da masu unguwanni da malaman tsangaya da mata da 'yan kasuwa, a shimfiɗa taswira a gabansu a tambaye su inda ruwa ke bi. Wanda za a tayar, a ba shi wani filin tun kafin damina.