IPPIS: Gyara Kayanka Bai Zama Sauke Mu Raba Ba

A watan Disamba na 2023 ne Majalisar Zartaswa ta Tarayya ta amince a fitar da jami'o'i da kwalejojin fasaha da na ilmi daga tsarin biyan albashi na bai-ɗaya da ake kira IPPIS. Ministan Ilmi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, shi ya sanar da haka. Malamai sun yi murna, amma duk mai hankali tilas ya tambaya, me ya sa sai da aka kwashe shekara huɗu ana sa-in-sa kafin a yarda cewa rigar da aka ɗinka ba ta shigi mai ita ba?

Babu mai musun cewa an kawo IPPIS da kyakkyawar niyya. An fara aiki da wannan manhaja a 2007 da taimakon Bankin Duniya, domin a tattara sunayen ma'aikata wuri guda, albashi ya riƙa shiga asusun kowa kai tsaye, daga baya aka mai da ita ƙarƙashin ofishin Babban Akanta na Tarayya. Babbar manufa ita ce a toshe kafar ma'aikatan bogi. Ɓarnar kuwa ba ƙarama ba ce, don a 2016, da aka gwada sunayen masu karɓar albashi da lambobinsu na banki, wato BVN, Ma'aikatar Kuɗi ta ce ta goge sunaye fiye da 23,000. Saboda haka wanda ya ce a koma zamanin takardun albashi da ake cikawa da hannu, bai yi wa ƙasa fatan alheri ba.

Inda aka yi kuskure shi ne, an gina manhajar bisa siffar ma'aikacin sakatariya, sa'an nan aka ce kowa ya lanƙwasa kansa ya shiga. Ma'aikacin sakatariya ofishinsa ɗaya, albashinsa ɗaya, yana ritaya da shekara 60 ko bayan aikin shekara 35. Malamin jami'a fa? Doka ta ba farfesa damar aiki har shekara 70. Yakan ɗauki hutun nazari na shekara guda ya je wata jami'a ya koyar. Sabuwar jami'ar da ba ta da isassun malamai takan aro daga tsohuwa, ta biya su ladan wucin gadi. Akwai kuma alawus na duba ayyukan ɗalibai masu neman babban digiri. Ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta yi ta kukan cewa manhajar ba ta san da waɗannan ba, ga albashi na zuwa a gutsure, ga kuɗin ƙungiya da ake yanka ba ya isa inda aka nufa, ƙaramin kuskure kuma sai an dangana da Abuja kafin a gyara.

Maimakon a zauna a duba waɗannan koke-koke ɗaya bayan ɗaya, sai a Oktoba 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya ba da umurni cewa duk wanda bai shiga tsarin ba a tsai da albashinsa. ASUU kuma ta fito da tata manhajar mai suna UTAS, ta ce a jefar da ta gwamnati. Hukumar NITDA ta ce UTAS ba ta ci jarrabawa ba, malamai suka ce ba su yarda ba. Ana cikin haka aka rufe jami'o'i wata tara a 2020, aka sake rufe su daga Fabrairu zuwa Oktoba a 2022. Gaskiya ne IPPIS ba shi kaɗai ya jawo yajin aikin ba, akwai batun yarjejeniyar 2009 da kuɗin farfaɗo da jami'o'i. Amma yana cikin manyan dalilai, kuma shi ne wanda ya fi sauƙin magancewa. 'Ya'yan talakawa su suka biya farashin wannan taurin kai da shekarun ƙuruciyarsu.

Wasu ƙasashe sun bi ta wannan hanya sun koyi darasi. A Ingila, bayan jama'a sun gaji da ɗaruruwan shafukan hukumomi masu rikitarwa, gwamnati ta kafa wani sashe na musamman a 2011, wanda ya buɗe shafin GOV.UK a 2012. Ƙa'idarsu ta farko ita ce a fara da buƙatar mai amfani. Sukan zaunar da mutum gaban kwamfuta su ga inda ya kakare, su gyara wurin, su sake gwadawa.

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Saboda haka ya kamata ofishin Babban Akanta ya tura masu rubuta manhajar su zauna da akawun albashi na asibitoci da makarantu da sauran hukumomin da aka bari cikin tsarin, su ga wahalarsu ido da ido. Kowane gyara a fara gwada shi a wuri ɗaya ko biyu kafin a ɗora wa kowa. A ba ofisoshin jihohi ikon gyara kuskuren suna ko na matakin albashi, don kada masinja a Maiduguri ko Kalaba ya kashe albashin wata a mota yana neman haƙƙinsa. Bugu da ƙari, tilas gwamnati ta horad da nata ma'aikata su san cikin manhajar, kada ya zama ko ɗigo za a canja sai an jira ɗan kwangila.

Wannan magana ta shafi duk shafukan gwamnati na intanet, daga na fasfo zuwa na lambar shaidar ɗan ƙasa. Yawancin masu shigarsu da ƙaramar waya suke yi, a inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, wasu ma sai sun biya mai shago ya cika musu. Shafin da bai yi la'akari da irin waɗannan mutane ba, bai gama aikinsa ba.

Tsufan manhaja ba laifi ba ne, kuma sayo sabuwa da biliyoyin naira ba shi ne magani ba idan za a sake gina ta ba tare da shawarar masu amfani da ita ba. Abin da ake nema ga hukuma shi ne ta saurari kuka tun yana ƙarami, ta gyara kayanta, kafin a kai ga rufe makarantu.