Kada mu ƙone abincin gonakinmu



Idan bazara ta kama, wanda ya bi hanyar Maradi zuwa Tasawa da maraice zai ga hayaƙi na tashi daga gonaki. Sassabe ake yi. An tara kara da ganyaye da tushiya, an cinna musu wuta. Da safe sai gona ta yi fes, mai ita ya ji daɗi. Ni kuwa ina ganin asara ce muke yi da hannunmu, kuma zan faɗi dalilina.

Mu fara da tambaya guda: zafin da ke fita daga karan da aka ƙone, daga ina ya zo? Daga rana ya zo. Tun daga shuka har girbi, ganyen hatsi yana shan hasken rana. Da ƙarfin hasken nan yake haɗa ruwa da wata iska mai suna gas karbonik, ya gina kara da zangarniya. Ashe kara rumbu ne, ƙarfin rana aka ajiye a cikinsa.

Ɗaliban kwaleji suna koyon wannan a darasin ilimin sinadarai. Ana koya musu cewa idan abubuwa suka haɗu suka sake kama, wani lokaci sukan fitar da zafi, wani lokaci sukan sha zafi. Mu ma muna ganin haka ba tare da mun shiga aji ba. Magini ya san siminti yakan yi ɗumi idan yana kamawa. Wanda ya taɓa narka takin ure a bokitin ruwa ya ji bokitin ya yi sanyi, domin takin ya janye zafin ruwan. Ƙarfi ba ya ɓacewa, wuri yake sakewa.

Hanya biyu ce ake buɗe rumbun nan na kara. Ta farko ita ce wuta. Kara ya haɗu da oksijen, wato sashen iska da muke shaƙa don mu rayu, sai duk ƙarfin ya fita cikin ɗan lokaci. Zafin ya tafi sama, ba wanda ya amfana. Abin da ya fi ciwo shi ne azot, sinadarin da ke sa ganye ya yi kore shar. Kusan dukkansa yakan bi hayaƙi. Toka ce kawai ke saura, ita ma iskar bazara ta kwashe rabonta. Bayan haka sai mutum ya tafi kasuwa ya sayi buhun ure, wanda kashi 46 cikin 100 nasa azot ne. Ya ƙone a gona, ya saya a kasuwa. Ina riba a nan?

Hanya ta biyu ita ce ramin taki. A cikin rami akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani. Suna cin kara da kashin dabbobi sannu a hankali, suna shaƙar iska kamar yadda muke yi. Su ma suna fitar da zafi, amma ba harshen wuta. Tun wajen shekarar 1780 wani masani na ƙasar Faransa mai suna Lavoisier ya nuna cewa numfashi ƙonewa ce mai tafiya a hankali. Shi ya sa jikin mai lafiya yake da ɗumi na digiri 37. Tsakiyar ramin taki mai kyau kuwa yakan kai digiri 55 zuwa 65. Wannan zafi yana kashe irin ciyayi da yawa, da ƙwan tsutsar ciki, da ƙwayoyin cuta masu yawa da ke cikin kashin dabbobi. Idan aikin ya ƙare, sai a sami baƙin taki mai laushi, wanda yawancin azot ɗinsa yana nan. Irin wannan taki yana taimakon jigawa ta riƙe ruwa, abin da takin zamani ba ya yi.

Ga yadda ake yi. A haƙa rami a inuwa, zurfinsa kada ya wuce mita 1. A sassara kara gajere-gajere a shimfiɗa. A zuba kashin shanu ko na awaki a kai, a barbaɗa tokar murhu kaɗan, a yayyafa ruwa. A yi ta jerawa haka har rami ya cika, sannan a rufe da ciyawa. Kada a zuba leda, ko kwalba, ko tsohon batir. A soka doguwar sanda a tsakiya. Bayan kwana 4 ko 5 a zare ta a taɓa. Idan ta yi zafi, aiki na tafiya. Idan ta fito da sanyi a bushe, ruwa ya yi kaɗan. Idan ta fito da wari da laka, ruwa ya yi yawa, iska ba ta shiga, sai a juya. A riƙa juyawa duk mako 2. Cikin wata 2 zuwa 3 taki ya nuna. Wanda ya yi aikin taki ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci.

Na san abin da wasu za su ce, domin na sha jin sa a cibiyoyin karatun manya da nake zagayawa. Wani ya ce kara abincin bisashe ne, da shi ake danni, da shi ake girki. Gaskiya ne, ban ce a hana dabba ci ba. Dabbar ma tana mayar mana da shi taki. Maganata a kan ragowar da ake tarawa a ƙone ne. Wani ya ce ruwa na wuya. Wannan ma gaskiya ne. To, a haƙa ramin kusa da gida, ruwan wankin hatsi da na ɗauraye kwanoni ya riƙa shiga ciki, ko kuma a cika shi a ƙarshen damina tun ganye na da danshi. Wanda bai iya rami ba, ya kwantar da karan a gona. Binciken da aka yi a cibiyar ICRISAT ta Sadore, kusa da Yamai, ya nuna karan da aka bari a kwance yana kare ƙasa daga iska, yana tare ƙurar da ke da albarka, hatsi kuma ya ƙaru. Manoman Illela da Badagishiri a jihar Tawa sun farfaɗo da fako da ramukan tasa, kowane rami da ɗan taki a ciki. Gani ya kori ji.

Akwai inda wuta ke da amfani. Ƙuduji da ya riga ya yi iri, a cire shi a ƙone, kada a jefa shi rami. Tsutsar da ke kwana cikin kara kuwa, idan an kayar da karan ƙasa, zafin rana yakan kashe da yawa daga cikinta.

Wannan ilimi yana kuma tsare dukiya. Harawa ko hatsi da aka tara da danshi sukan yi zafi a ciki, su yi fumfuna, domin halittun nan na ramin taki sun kama aiki inda ba a gayyace su ba. Babban tarin ɗanyar ciyawa har wuta yakan kama da kansa. Saboda haka a busar da amfanin gona sosai kafin a kai shi rumbu.

Ina roƙon malaman karatun manya, kowace cibiya ta haƙa rami guda a bana. Ɗalibai su taɓa sandar da hannunsu, su rubuta ranar cikawa da ranakun juyawa a littafinsu. Idan damina ta zo, a raba ƴar gona biyu, a sa takin a gefe guda, a auna damman kowane gefe ranar girbi.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.