Faifan Da Ƙura Ta Rufe: A Kan Masu Farautar Kiɗan Jay McShann

Akwai mutanen da ake yi wa kallon marasa aikin yi, wato masu bin kasuwar gwanjo da ɗakunan ajiyar gidajen rediyo suna tonon tsofaffin faya-fayan garmaho. Ni dai a ganina tarihi suke ceto, kuma labarin ƙungiyar makaɗan Jay McShann ta birnin Kansas City a Amurka ya isa hujja.

Shi McShann makaɗin fiyano ne, haifaffen Muskogee a jihar Oklahoma, ya rasu a 2006. Wajen 1940 ya haɗa babbar ƙungiya ta masu bushe-bushe da kaɗe-kaɗe, suna yawo gari-gari a tsakiyar Amurka da kiɗan rawa na swing gauraye da blues. A cikinsu akwai wani saurayi mai busa saksafon, Charlie Parker, wanda daga baya ya juya akalar kiɗan jaz baki ɗaya.

To amma me kamfani ya ajiye mana? A watan Afrilu na 1941 Decca ya ɗauke su a Dallas, sai waƙar "Confessin' the Blues" da Walter Brown ya rera ta yi kasuwa ƙwarai. Daga nan kamfanin ya nace wa blues, tunda nan kuɗi yake, manyan kaɗe-kaɗen da suke tayar da filin rawa da su kuwa kaɗan ne suka shiga faifai. Ga shi kowane gefen faifai bai wuce kamar minti 3 ba. Suna cikin tashe, har sun buga a zauren rawa na Savoy a New York a 1942, sai ƙungiyar ƙwadagon makaɗa ƙarƙashin James Petrillo ta hana 'ya'yanta yi wa kamfanoni ɗauka daga 1 ga Agusta na shekarar. A 1944 aka ɗauki McShann soja, taron ya watse.

Da a ce abin da ke hannun kamfani kaɗai muka dogara da shi, da rabin labari muka sani. Abin da ya cike giɓin ya faru ne a Wichita ta jihar Kansas a ƙarshen 1940, inda wasu masu sha'awar kiɗa suka shigar da McShann da kaɗan daga yaransa gidan rediyon KFBI aka ɗauke su. Parker na da shekara 20 a lokacin, kuma wannan na cikin ɗauka mafi daɗewa da ake jin busarsa. Faya-fayan nan sun yi fiye da shekara 30 a ajiye, sai a shekarun 1970 aka fitar da su kowa ya ji. Ka ga da mai ajiyar ya ɗauke su shara, shi ke nan an yi asara.

Wani zai ce ai kamfanoni sun fi iya adana kayansu. Ina! A 2008 gobara ta cinye wani rumbun ajiya a Universal Studios, kuma a 2019 mujallar New York Times ta ba da rahoton cewa ɗimbin faya-fayan asali sun ƙone, har da na Decca, kodayake kamfanin ya musanta yawan asarar. Idan irin haka ta faru, kwafin da ke hannun wani tsoho a ƙauye shi ne ke zama uwa.

Sai dai ina da magana da su mafarautan. Wanda ya samo faifai ya kulle a akwati don a ce shi kaɗai ke da shi, bai ceci komai ba. Faifan rediyo na wancan zamani fatarsa ɓarewa take da tsufa, wasu ma na lokacin yaƙi da gilashi aka yi gindinsu, faɗuwa ɗaya ta ishe su. Abin koyi shi ne tarin Bill Savory, faifai kusan 1,000 da ya ɗauka daga shirye-shiryen rediyo, wanda gidan tarihin jaz na Harlem ya karɓa a 2010 aka shiga kwafe shi a kwamfuta. A Kansas City ma akwai ma'ajiyar sauti ta Marr a jami'ar Missouri.

Saboda haka duk wanda ya yi gamon katar da irin wannan faifai, ya kai shi inda za a kwafe, a rubuta ranar ɗauka da wurin da sunayen makaɗan tun ana iya ganowa. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.