Aikin Manhaja: A Bi Shi Zango Zango

Da can idan aka ce manhaja, mu malaman makaranta ba mu san wata ba sai wadda a ke ba malami don ya san abin da zai koyar a shekara. Yanzu kuwa kalmar ta sami ma'ana ta biyu, watau umurnin da a ke tsara wa kwamfuta ko wayar hannu don ta yi wani aiki. Tun da ya ke rajistar yara, da takardun albashi, da ƙidayar makarantu duk suna ta komawa cikin irin wannan manhaja, lalle ne akawuna da malamai su san yadda a ke yinta, domin su ne za su zauna da ita, ko ta yi kyau ko ta yi muni.

Hanyar da aka saba bi ita ce a rubuta dukan abin da a ke so a takarda, a ba ɗan kwangila, ya tafi ya shekara ɗaya ko biyu, sa'an nan ya komo da kaya gaba ɗaya. Ran nan ne akawu zai fara ɗora ido a kanta, kuɗi kuwa sun riga sun tafi. Wannan hanya ta ka da manya ma. Cikin 2002 Gwamnatin Ingila ta ɗaura niyyar haɗa takardun marasa lafiya na ƙasar cikin na'ura. Cikin 2011 aka rushe shirin ba a kai ga biyan bukata ba, an kuwa lissafa abin da ya ci ya kusa fam biliyan 10.

Da ma masu wannan sana'a sun daɗe da gane aibin. Cikin Fabrairu 2001 waɗansu mutum 17 daga cikinsu suka taru a Jihar Yuta ta Amurka, suka fid da wata 'yar takarda ta hanyar da su ke kira Ajayil. Gundarinta shi ne a riƙa ba da aiki kaɗan kaɗan, mai amfani da shi yana gani yana gyara, kada kuma a ji kunyar sāke shiri in an ga hali ya sāke.

Ga yadda a ke yi a tsarin da ya fi yaɗuwa, wanda Ken Schwaber da Jeff Sutherland suka bayyana cikin 1995, a ke ce masa Sikiram. A kan jera bukatu, mafi muhimmanci a sama. Ma'aikata, galibi ba su wuce goma ba, su ɗebi abin da za su iya gamawa cikin zango guda, wanda ba ya wuce wata ɗaya. Kowace rana su kan taru minti 15 su ga inda aka kwana. Ƙarshen zango a kira masu aiki a nuna musu abin da ya ke aiki sosai, ba alkawari ba. Sa'an nan su zauna su tambayi kansu inda suka yi kuskure.

Akwai kuma allon da a ke kira Kamban, wanda asalinsa daga masana'antar motocin Toyota ta Japan ne. A kan raba shi gida uku: abin da za a yi, abin da a ke yi, abin da aka gama. Manhajoji kamar Jira da Trello suna yin wannan a kwamfuta, amma baƙin allo da alli ma sun isa, ba su kuwa jiran wutar lantarki.

To, wane malami ne wannan zai zama masa baƙo? Ba mu koyar da yaro shekara cur sa'an nan mu fara jarraba shi. Mu kan tsara aikin mako, mu duba littattafai, mu koma baya inda ba a gane ba. Ice tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Mu ɗauki misalin Kabo. A ce za a yi wa sashen ilmi na can manhajar rajistar yara. Kada a fara da dukan makarantu. A fara da biyu ko uku, a Garo, ko Gude, ko Durun, da aiki guda tak, watau kiran suna. Cikin mako biyu hedimasta zai faɗi abin da ba wanda ya tuna a ofis: yara nawa ke da suna ɗaya da sunan uba ɗaya a aji guda, yadda zuwa ke raguwa da damina, da abin da ke faruwa in waya ta rasa layi. A gyara, sa'an nan a miƙa zuwa sauran, har Gwarzo in ta karɓu. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa.

Amma fa a yi hattara. Wannan hanya ba ta kashe rubutu da ajiyar takardu ba, kada ɗan kwangila ya fake da ita ya ƙi faɗin kuɗi da wa'adi. Haka kuma ba ta yiwuwa sai an sami mutum guda daga ofis mai ikon cewa wannan ya yi, wannan bai yi ba, wanda ba sai ya jira takarda daga Kano ba.

Saboda haka muna roƙon hukuma abu biyu. Na ɗaya, a riƙa biyan irin wannan kwangila zango zango, bayan an ga abin da aka yi da ido. Na biyu, a sa akawu da malami cikin masu dubawa tun ranar fari. Ku kuma akawuna da malamai, in aka kira ku kallo, kada kunya ta sa ku ce madalla alhali kun ga ɓaraka. Kuɗin na talakawa ne, sunayen da za su ɓace kuwa na 'ya'yansu ne.