Daga Wurno Zuwa Mai Wurno: Ma'auratan Da Suka Tafi Makka A Ƙasa

 'Yar'uwa, ko kin san cewa a ƙasar Sudan, bakin kogin Nilu, kusa da birnin Sinnar, akwai wani gari da ake kira Mai Wurno, inda har gobe ake jin Hausa da Fulatanci a kasuwa?

Asalin abin shi ne, bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira ya nufi gabas, jama'a maza da mata suka bi shi. An kashe shi a yaƙin Burmi cikin watan Yuli na wannan shekara. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'ar har Sudan, inda suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa.

Ba su kaɗai suka bi wannan hanya ba. Kafin jirgin sama ya yawaita, talakan ƙasar Hausa da ya yi niyyar aikin Hajji a ƙasa yake tafiya, sau da yawa tare da iyalinsa. Su bi ta Kano da Barno, su shiga Cadi, su ratsa Abeshe, su faɗa Darfur ta Janaina da Fashir, su wuce Ubayyid da Hartum, har su kai Sawakin a bakin Bahar Maliya, inda za su shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Tafiyar kan ɗauki shekaru. Wasu a hanya suka haifi 'ya'yansu, wasu a hanya aka binne su, wasu kuma suka zauna can har abada.

Me ya ba su ƙarfin gwiwa? A mazhabar Malikiyya da muke bi, wanda zai iya tafiya da ƙafa, kuma yana da sana'ar da za ta ciyar da shi a hanya, ana lissafa shi cikin masu ikon zuwa Hajji. To, nan ne abin lura a gare mu. Guzurinsu ba kuɗi ba ne a ɗaure, sana'a ce. Idan abin hannu ya ƙare, sai su yada zango a wani gari. Maigida ya shiga ƙwadago, musamman cirar auduga a gonakin Jazira da aka buɗe a 1925, uwargida kuma ta kafa kaskon ƙosai ko ta soya gyaɗa. Abin da aka samu a haɗa, a ci, a ajiye saura, in ya taru a ƙara gaba. Sannu sannu kwana nesa.

Ki duba, 'yar'uwa, irin wannan tafiya ba ta yiwuwa da ɓoye-ɓoye. Matar ta san abin da ke aljihun mijin, shi ma ya san abin da ke cikin ƙullinta. Babu gidan iyaye kusa balle a yi yaji. Kuma wannan ba baƙon abu ba ne a addini. Manzon Allah (SAW) idan zai yi tafiya yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa ya tafi da wadda ta faɗo a kanta, kuma a Hudaibiyya shawarar Ummu Salama (RA) ce ta warware matsalar da ta taso.

Yau kuwa fa? A Wurno da Rabah da Goronyo mazajenmu ba su daina tafiya ba. Wani ya bi motar albasa ko tafarnuwa zuwa kudu, wani ya tafi ci-rani da zarar an kawar da amfanin gona. Neman halal ibada ne. Amma gidaje nawa ne maigida zai kama hanya, matar ba ta san inda ya nufa ba, ba ta san ranar dawowarsa ba, bai kuma bar mata ko tiya biyar ta gero ba? Ciyarwa ba ta faɗuwa daga kan miji don ya yi nisa.

Saboda haka idan tafiya ta taso, ku zauna ku yi magana cikin ladabi: ina za a je, wata nawa za a yi, me aka bari, wa za a nema idan yaro ya kwanta ciwo. Ke kuma ki riƙe sana'arki, ko ƙuli-ƙuli ne ko saƙar hula, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sai gargaɗi. Malaman da suka yarda da tafiyar ƙafa sun gindaya sharaɗin aminci a kan rai da dukiya. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan cikin watan Afrilu na 2023 ya ragargaza Janaina da Fashir da Hartum, wato zangunan kakanninmu. Duk dillalin da ya ce zai kai ku Saudiyya ta mota da araha, ku guje shi. Allah bai ɗora Hajji a kan wanda hanyarsa ba ta da aminci ba.

Allah ya tsare matafiyanmu, ya dawo mana da su lafiya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.