Tallafin Wata Uku a Ƙasar Noma

A bakin Bahaushe, tallafa ita ce a sa wa abu hannu kada ya faɗi, kafin ya tsaya da ƙafarsa. Wannan ma'ana ta ɓace a shirye-shiryen da gwamnati ke kira tallafin matasa, kuma ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa sun isa shaida.

Shirin N-Power, wanda gwamnatin Buhari ta ƙaddamar a 2016, ya biya masu digiri da NCE naira 30,000 a wata, akasarinsu don koyarwa a firamare. Ba ƙaramin amfani ya yi ba, domin makarantun ƙauye sun sami malamai. Amma a 2020 aka sallami rukuni biyu na farko ba tare da gurbin da za su koma ba, a 2023 kuma aka dakatar da shirin. Shi kuwa wanda ya tsaya a sakandare, alhali irinsa ne suka fi yawa a yankin, ƙaramin kaso aka ware masa, rajistar ma sai ta intanet. Shirin ayyuka 774,000 na 2021 ya fi gajarta: mutum 1,000 a kowace ƙaramar hukuma, naira 20,000 a wata, tsawon wata uku. Wato naira 60,000 a hannun saurayi, sannan ya koma bakin titi.

Abin takaicin shi ne yankin ba matalauci ba ne. Madatsar Tiga, wadda aka gina zamanin Audu Bako, tana Bebeji. Tudun Wada ta yi suna da shinkafa, Doguwa da masara. Kowace kaka ana neman mai gyaran injin ban-ruwa, da mai sarrafa injin casa, da mai riƙe lissafin buhuna. Ɗan sakandare zai iya duk waɗannan in an koya masa, an kuma ba shi kayan aiki maimakon alawus. Kuɗin wata uku da aka raba wa mutum 4,000 a ƙananan hukumomin nan huɗu sun kai naira miliyan 240, kuma da wuya a nuna injin casa guda da suka bari.

Hukumar NDE, wadda ta gudanar da wancan shiri, don koyar da sana'a aka kafa ta tun zamanin Babangida. Ita ya kamata a fara tambaya yadda aka yi ta koma raba tsintsiya da shebur.